Amsar Lamba 4417

Teburin Kawu shi ne na ƙarshe a ofishin, can kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai. Ba kawun kowa ba ne a wurin. Ya dai girmi duk ma'aikatan da shekara ashirin ko fiye, kuma ranar da wani ya fara kiransa haka bai hana ba, sai sunan ya bi shi. Yana da furfura a gemu, da tabarau mai igiya a wuya, da wani kofin ƙarfe da ba ya yarda kowa ya wanke masa.

Kamfanin ƙarami ne, ɗaki biyu a hawa na uku, saman wani kantin taya. Abu ɗaya suke yi, manhajar waya ta masu jinya a gida. Wanda ke kula da mara lafiya zai rubuta tambayarsa, yadda ake juya mutumin da ba ya iya juya kansa, ko abin da za a yi idan tsoho ya ƙi abinci, sai wani injin amsa da ke cikin babbar kwamfutar kamfanin, wadda suke kira saba, ya ba shi amsa. Ba Kawu ne ya gina injin ba, ba ya ma cewa ya fahimce shi. Aikinsa a tsakani yake. Idan mutum ya buɗe manhajar, rubutun Kawu ne ke buɗe masa zaman hira, ya ba zaman lamba, ya ɗauki tambayar ya miƙa wa injin. Ba ya barin wayar mutum ta sandare tana jira. Yana sakinta ta ci gaba da harkarta, in amsa ta fito ya nemo mai ita ya ba shi. In mai ita ba ya nan, amsar ta zauna cikin zaman har ya dawo.

Dama aikin tsakani ya yi duk rayuwarsa. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin tarho na wani asibiti, gaban wani allo mai ramuka da ƙananan fitilu, yana cusa igiya nan yana zare ta can. Dattijon da ya koya masa aikin, wani mai yawan tari, abu ɗaya ya nanata masa har ya haddace: ba mai haɗa layi ke katse magana ba, sai fitilun ɓangare biyu sun mutu sannan a zare igiya. Da asibitin ya sayo na'urar da ke haɗa layi da kanta, aka mayar da Kawu ɗakin ajiye fayil. Nan ya fara zuwa ajin kwamfuta da la'asar, shi kaɗai mai gemu a cikin aji. Matarsa ta yi masa dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗinka wa littattafansa jaka. Ita ke riƙe littafin tana yi masa tambaya, tana karanta kalmomin yadda ta ga dama, in ya gyara mata ta ce, "To malamin, kai da za a yi wa jarrabawa ka ji da kanka."

Daga baya ɓarin jikinta ya shanye. Shekara biyu da wata huɗu ya yi yana jinyarta a gida. 'Yarsu ɗaya ce, aure ya kai ta nesa, tana zuwa in ta samu hali. Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar. Gadon ƙarfen da ya saya mata, mai shinge a gefe, yana nan a ɗakin ciki da zanen gado a shimfiɗe. Shi a falo yake kwana.

Akwai allon da Kawu ke buɗewa kullum da safe tun kafin ya zuba shayi. Jerin zaman hirar da ke buɗe ne. Ba ya ganin sunan kowa, ba ya ganin abin da aka rubuta. Dokar kamfani ce, shi ma ya fi son haka. Lamba yake gani, da lokacin da saƙo ya shigo, da lokacin da amsa ta fito, da lokacin da aka karɓe ta. Yawancin mutane cikin daƙiƙa goma suke karɓa. Amma akwai wani zama da lambarsa ta ƙare da 4417.

Shi wannan tsakanin sha ɗaya da sha ɗaya da kwata na safe yake shigowa. Da farko wayar ta karɓi amsar jiya. Sai a yi shiru minti biyu ko uku, ana karantawa ke nan. Sai saƙo ɗaya ya shigo. Kafin injin ya gama haɗa amsa, wayar ta ɓace. Amsa ta fito, ta tarar ba kowa, ta zauna. Washegari haka. Wata tara ana wannan, a zama ɗaya da ba a taɓa rufewa ba, domin rubutun Kawu ba ya rufe zama sai mai shi ya rufe da kansa.

Bai san ko mace ce ko namiji ba. A ransa mutumin sha ɗaya yake ce masa. In lokacin ya matso, yakan tarar hannunsa ya bar abin da yake yi.

Wata Litinin, Injiniya, wanda shi ne shugabansu, ya tara su. Mutum ne mai sauri, ko magana yake yi yana tafe ne. Ya haska wata lamba a bango ya juyo.

"Kawu, zama dubu sittin da ɗaya a buɗe. Masu shigo mana a rana ba su kai dubu biyu ba. Sauran me suke yi a ciki? Tarewa suka yi?"

"Ba su ce sun tafi ba," in ji Kawu.

"Wa ke yi wa waya sallama?"

"Kawu yana yi," in ji Mai Gwaji. Ita ce matar da aikinta shi ne ta nemo inda abin da suka gina zai karye, shi ya sa Kawu ke kiranta Mai Ɓarna. "Da kunnena na ji yana ce wa na'urar buga takardu sannu da aiki."

Aka yi dariya, har shi. Injiniya ya jira ta lafa sannan ya yi bayani. Saba ta cika, amsar da ke fitowa cikin daƙiƙa biyar yanzu sai ta kai ashirin, mutane suna ƙorafi. Don haka ranar Juma'a za a yi shara. Duk zaman da ya yi rabin awa ba motsi, a rufe shi. Wanda ya dawo a buɗe masa sabo.

"Amsar da ba a karɓa ba fa?" Kawu ya tambaya.

"Ta bi zaman. Wanda ya yi rabin awa bai duba ba ai ba ya so ne."

Kawu ya gyara tabarau. Ba mutumin magana cikin taro ba ne. Amma yana komawa teburinsa ya ga abin sarai. Daga mako mai zuwa mutumin sha ɗaya zai buɗe waya ya tarar da gaisuwar farko, kamar ba a taɓa saninsa ba. Zai rubuta tambaya ya tafi. Kafin sha biyu an share amsar. Gobe ma gaisuwar farko. Ba zai sake ganin amsa ko ɗaya ba, kuma ba zai san dalili ba. Sai dai ya zaci wayarsa ce ta lalace.

Da aka dawo daga cin abincin rana ya tace jerin. Cikin dubu sittin da ɗayan, ɗari tara da wani abu ne ke riƙe da amsar da ba a karɓa ba. Kusan ɗari uku daga ciki masu su sun leƙo cikin makon da ya wuce. Yana kallon lambobin Mai Gwaji ta jawo kujera.

"Kawu, fushi ka yi? Wasa nake yi ɗazu."

"Mai Ɓarna, kin taɓa jinya?"

"Na yi kwana uku da mahaifiyata a asibiti."

"Asibiti akwai ma'aikata. A gida nake nufi, ke kaɗai."

Ta girgiza kai. Ya ce, "Mai ɗakina da bakinta ya daina fita, cokali na ɗaura mata a gefen gado. In tana nemana, sai ta buga shi a ƙarfen. To akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta ba ni lambarta, ta ce in rubuto in na rasa yadda zan yi. Sai in zauna in rubuta. Ina turawa, ƙwal ƙwal. In jefar da wayar kan kujera. Wanka kaɗai awa guda ne, in ba ta yi gardama ba. Ga canjin zane, ga abinci cokali-cokali, ga magani da sai an lallaɓa. In na tuna da wayar, gobe ce. Ba don ba na son amsar ba. Ita nake jira ma, ita kaɗai ce maganar da wani ya yi mini a ranar."

Mai Gwaji ta dubi allon. "Waɗannan ɗari ukun."

"Ban sani ba. Amma ga wannan." Ya nuna mata 4417, layi bayan layi, wata tara.

"Me ya hana ka faɗi haka ɗazu?"

"Ana dariya."

Ta miƙe. "Taso, Kawu. Taso kafin Injiniya ya fita."

Injiniya ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. A tsaye ya saurare su, jaka a kafaɗa. Da Kawu ya gama sai ya ajiye jakar. Ya yarda duk zaman da ba ya riƙe da komai a rufe shi a rabin awa, wanda amsa ke jira a cikinsa a ƙara masa lokaci. Kawu ya ce kada a rufe shi sam. Injiniya ya ce haka aka yi aka kai dubu sittin, kwana uku. Kawu ya ce wata guda.

"Kawu, kasuwa muka zo? Kwana bakwai. Kuma na kowa ne, ba na so in ji an ce akwai wani na musamman. Sannan Juma'a tana nan yadda take. In ba ka gama ba, sharar da na faɗa tun farko za a yi."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Ka daina ce mini haka, kana sa ni jin kunya."

Kwana uku Kawu bai ɗaga kai sosai ba. Abin da ke da wuya shi ne koya wa waya ladabi. In ta dawo, kada ta yi gaggawar neman sabon zama, ta fara tambaya ko an ajiye mata wani abu. Kuma mai shara, wato rubutun da zai riƙa rufe zama, kafin ya taɓa kowane zama, ya leƙa ko akwai amsa a ciki. Mai Gwaji ta yi ta wahalar da shi. Ta rubuta tambaya ta kashe data. Ta rubuta ta cire wayar daga caji ta bar ta ta mutu. Ta rubuta ta shiga matakalar bene inda layi ba ya kamawa. Ranar Alhamis da hantsi ta zo tana murmushi, ya san ta samu.

"Na turo tambaya biyu a jere na gudu. Na tambayi yadda ake yanke wa mara lafiya farce, na tambayi abin da zan dafa masa. Ga abin da na tarar." Ta nuna masa. Amsar ta biyu ce ta riga fitowa, ta zauna ƙarƙashin tambayar farko. "Wai in tafasa shi ya yi laushi sosai."

Kawu ya cire tabarau ya goge ido. "Allah ya shirye ki."

"Ni na rubuta?"

Ya sa wa kowane saƙo lambarsa, yadda duk amsar da ta fito, ko ta riga ko ta makara, za ta san tambayar da ta haife ta. Kafin a tashi ta sake gwadawa ta kasa karya shi, ta ce ranta ya ɓaci.

Ranar Juma'a da ƙarfe biyu aka saki mai shara. Suka tsaya suna kallon lambar tana zubewa, dubu hamsin, dubu talatin, dubu takwas. Ta tsaya a dubu ɗaya da ɗari da wani abu. Injiniya ya tafa hannu ya wuce. Kawu ya nemo 4417, ya same shi, amsar safiyar ranar tana zaune a ciki. Asabar da Lahadi ba ya zuwa aiki, amma Litinin ya tarar an karɓa duka kwanakin, sha ɗaya da minti shida, sha ɗaya da minti goma. Mutumin sha ɗaya bai san an yi komai ba.

Haka aka yi mako shida. Kawu yana fitowa da safe ya hau motar haya, ya sauka gaban kantin taya, ya gaisa da mai kantin da ɗaga hannu. Da yamma ya sayi burodi ya koma. Ranar Asabar yakan saurari saƙon muryar 'yarsa yana wanke-wanke, muryar jikokinsa na tashi a bayanta. Kullum maganar ɗaya ce. "Baba, ka ba da gadon nan ga mai bukata. Baba, ka zo ka yi mana ko wata guda ne, ɗaki yana nan." Yakan bari sai Lahadi ya amsa, ya ce to, ana dubawa, a gaishe da maigidanki. Ita ma sai ta kwana biyu kafin ta ji.

Wata Talata, sha ɗaya da minti tara, 4417 ya shigo, ya karɓi amsar jiya, ya turo saƙo. Kafin amsa ta fito ya sake turo wani. Bai taɓa turo biyu ba. Wayar ta ɓace. Amsoshi biyu suka fito, kowace ta zauna ƙarƙashin tambayarta.

Laraba ba a zo ba. Kawu ya ce wataƙila caji ne. Alhamis ya bar shayinsa ya huce. Juma'a Mai Gwaji ta wuce ta bayansa, ta ga allon, ba ta tsokane shi ba. Asabar da Lahadi ya yi su yana zagaya falo, ya gyara ƙafar wata kujera da ba ta karye ba. Litinin tun kafin mai kantin taya ya buɗe yana bakin ƙofar bene. Amsoshin biyu suna nan yadda ya bar su.

Da la'asar ya je wurin Injiniya. Ya tsaya har ya gama waya.

"Akwai wani zama, gobe da safe kwanansa bakwai."

"Na sani, Kawu. An gaya mini."

"Ko mako ɗaya a ƙara masa."

Injiniya ya zauna, abin da ba ya cika yi ba. "Yau guda nawa suka cika kwana bakwai aka rufe?"

"Goma sha huɗu."

"Ka zo mini a kansu? Ba ina nufin in ɓata maka rai ba ne. In kana ganin bakwai ta yi kaɗan ga kowa, kawo mini lissafi wata mai zuwa mu duba. Amma in sa hannu in ware mutum ɗaya don mun saba ganin lambarsa, ba zan yi ba. Ka yi haƙuri."

Kawu ya ce ba komai. Gaskiya aka gaya masa, ya sani.

Ya kuma san wani abu. Layi ɗaya zai rubuta, agogon zaman ya koma farko, a samu wasu kwana bakwai. Mai Gwaji ma ta sani. Da za ta tafi gida ta tsaya gefen teburinsa tana neman makulli a jaka.

"Gobe da safe ina da aiki a ɗaya ɗakin," ta ce. "Ba na jin zan ga abin da kowa ke yi."

"Allah ya kai mu, Mai Ɓarna."

Talata ya zo da niyyar rubuta layin. Ya ma buɗe wurin rubutun, ya sa lambar. Sai ya tuna wani abu da ya daɗe bai tuna ba. Bayan rasuwar matarsa kwana ashirin ya yi bai kunna waya ba. Ranar da ya kunna, abin da ya fara faɗowa shi ne amsar ma'aikaciyar jinyar nan, doguwa, cikin natsuwa, tana bayanin man da zai shafa mata a baya da sau nawa a rana. A tsakar falo ya karanta, ya zauna a ƙasa, bai tashi ba har rana ta bar tagar. Shekara huɗu ke nan, har yau bai san ko gara da ya same ta ba, ko gara da ta ɓace a hanya. Wataƙila mara lafiyar mutumin sha ɗaya sauƙi ya samu. Wataƙila wayar aka sace. Bai sani ba, kuma bai san me ke cikin amsoshin nan biyu ba, balle ya san ko alheri zai yi wa mai su in ya ajiye.

Ya goge lambar. Ya ɗora hannuwansa kan gwiwa.

Sha ɗaya ta yi. Da minti biyar wani zama ya shigo, ba shi ba ne. Da minti tara kwana bakwai na 4417 suka cika. Mai shara duk kwata yake zagayowa, don haka layin ya ƙara minti shida a allon, Kawu yana kallonsa. Sha ɗaya da kwata ya ɓace, na ƙasa da shi suka matso sama.

Ya daɗe a haka. Can Mai Gwaji ta fito daga ɗaya ɗakin da waya a hannu. Ta dubi allon, ta dube shi, ta ajiye wayar a gefen teburin a hankali.

"Na samo wata matsala. In an juya ta a kwance, wurin rubutu yana ɓuya," ta ce. "Ba na gaggawa ba ne."

"Bar ta nan," in ji Kawu. "Bayan azahar."